Zanen Uwar Shila

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami a kan wannan babi, don shi ne na fi jin nauyin faɗi. Na sha jin kuna gaya wa baƙi wai uwarku ce ta ƙago rigar nan da ake kira 'yar Yankara, mai wuyan Turawa da gyalen Indiya a kafaɗa. Ranar bikin Asabe har na ji ɗayanku yana cewa a silima na gano ta. Ni da ban taɓa leƙa silima ba sai da na yi jika! Ba haka aka yi ba. Rigar nan ɓarna ce na yi wa wata baiwar Allah, kuma ina so ku san yadda aka yi tun ina da bakin faɗi.

A Sabuwa aka haife ni, aka kai ni Yargoje gidan su babanku. Can na haifi biyu, can na rufe biyu. Na farin namiji ne, watansa huɗu. Ta biyun ta fara zama ke nan. Duka zazzaɓin damina ne, ya kama yaro da hantsi, kafin a gama shawarar wa zai ba da jaki, rafi kuma ya cika, sai dai a nemi yadin likkafani. Mata suka fara kirana mai wabi, ba da mugunta ba, haka dai ake faɗi. Ina da cikin na uku wani Ba'indiye ya taho daga Kano ya buɗe kanti a Yankara saboda kakar gyaɗa da auduga, ya ajiye keken ɗinki a baranda, yana neman tela wanda zai riƙa ɗinka wa masu sayen yadi. Babanku ya taɓa koyon ɗinki a Funtuwa, sai aka dace. Keken na Mai Kanti ne, barandar tashi ce, ɗakin da muka zauna ma shi ya nema mana. In babu keken nan, babu abin da zai zaunar da mu Yankara, sai komawa gandu a Yargoje. Ni kuwa abin da na so a Yankara ba kasuwa ba ce, ba mutane ba ne. Hanya ce. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai in ji ƙugin babbar mota ta nufi Funtuwa, inda akwai masu magani, sai in dafa cikina in ce, kai dai ka fito lafiya, wannan karon ba jaki za mu jira ba.

Cikin ya tsufa wata Baturiya Sista ta zo rangadi tana duba mata. Abin da ta faɗa ta bakin tafinta ban riƙe ko rabi ba, rigarta na tsaya kallo. Tana da kwala kwance a wuya, maɓallai shida daga wuya zuwa ƙugu, a ƙugun an yi tattara ƙanana-ƙanana, sai ta buɗe ta sauka. A gwiwa ta tsaya, mata suna ta ƙunshe dariya wai an yi mata rowar yadi. Ni kuwa na ce a raina, mace mai goyo ta samu wannan ai ta huta, ta ɓalle maɓalli biyu ta shayar ba sai ta kwance zane ba. Na duba inda ɗinkin kafaɗa ya bi, na duba yadda aka haɗa hannu. Tun ina yarinya nake ɗinkin hula, idona ya saba bin zare.

Matar Mai Kanti kuwa daga nesa muke ganinta. Sunanta Sushila, bakinmu ya mayar da shi Shila. Siririya ce, ba ta fi ni shekaru ba, kullum naɗe cikin dogon zane wanda ba ɗinki a jikinsa, suna ce mashi sari, ga ɗigon ja a goshi wanda muka daɗe muna tsammanin ƙaho aka yi mata. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Ba ta da kowa a garin. Ashe ta taɓa karɓar hular da ke kan babanku ta jujjuya ta, ta tambayi wa ya ɗinka, aka ce mata matarshi ce. Ni ban san an yi haka ba.

Na haifi yayarku Hadiza, wadda kuka tashi kuka ji ana kira Ajuji saboda waɗanda suka riga ta. Gwaggo Dije, ƙanwar kakanku, ta taho daga Yargoje don ta yi mani wankan jego. Baba Kande ungozoma ita ta yanke cibi. Ran kwana huɗu da hantsi ɗaki ya cika da 'yan barka, sai muka ji yara suna ihu a ƙofar gida, sai ga Shila ta shigo, ta tuɓe takalmi, da ƙunshi a hammata. Ku yaran yanzu ku gane, a wancan lokacin duk abin da baƙuwa ta ajiye a kan tabarma kusa da jariri, barka ne. Sabulu ne, kanwa ce, zane ne, ba a tambaya, ba a ce ga shi na ba ki. A ajiye kawai. To Shila ta durƙusa, ta ajiye ƙunshin nan daidai ƙafar jaririya don ta samu hannun ɗaukarta. Ta rungume ta tana yi mata wata 'yar waƙa. Can sai ta kwance ƙunshin, ta zaro gefen wani kore siliki mai bakin zaren zinari. Ta nuna mani wata yaga kamar tsawon yatsa kusa da ƙarshen da ya fi ado, ta dube ni, ta haɗa tafin hannuwanta biyu a ƙirji.

Gwaggo ta ce, "Kun ji baiwar Allah, haƙuri take ba mu wai ya ɗan yage. Ke ɗiyar nan, ko a tsumma ya zo ai ya fi ƙarfin ɗakin nan!"

Baba Kande ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Shila ta yi dariya, ta ɗauka murnar jaririya ake yi. Ni ma na haɗa hannuwana yadda ta yi, na ce na gode. Ita ma ta ce na gode. Muka rabu kowa da abin da ke ranta.

Da babanku ya dawo Gwaggo ta ce mashi ya je ya yi godiya, an yi mana abin arziki. Bai ga zanen ba, don namiji ba ya bincikar kayan barka. Washegari ya durƙusa gaban Mai Kanti ya ce mun ga abin alheri, Allah ya saka. Mai Kanti kuwa ya aiko da sabulu sanda biyu da sukari tun ranar haihuwa, sai ya ɗauka su ake nufi, ya ɗaga hannu ya ce ba komai, Tela. Kun ga yadda ƙofa ta biyu ta gane kuskuren ta rufe.

Bayan suna muka shimfiɗa zanen a ɗaki, ya kai bango ya naɗo ya sake kai bango. Gwaggo ta auna da kamu, ta ce wannan ai ya ishi gari. Abin barka irin wannan ba a cinye shi a ɗaki ɗaya, sai an fitar wa mai wanka, an fitar wa ungozoma. Ita ta riƙe gefe, ni na sa almakashi. Har yau ina jin ƙarar da silikin nan ya yi. Gwaggo ta ɗauki na kallabi. Baba Kande aka kai mata kamu biyu. Saura na ce zan yi rigar fitar arba'in, kuma tun kafin in faɗa na san wace riga ce. Tsakanin wankan safe da na yamma, jiki na raɗaɗin ruwan zafi, Ajuji na barci a gefe, sai in jawo allura. Kowane layi biyu sai na ajiye na kara yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi. Na fitar da kwala irin ta Sista, na yi tattarar ƙugu, maɓallai na cire daga wata tsohuwar taguwar babanku na lulluɓe su da ƙyallen silikin. Tsawo kam na sauke shi har idon sawu, ni ba Baturiya ba ce. Bakin zinarin na bi da shi ƙasan riga da bakin hannu. Ƙarshen nan mai ado, inda aka saƙa tsuntsaye da ganyaye, sau uku ina ɗora almakashi ina ɗaukewa. Na kasa. Na bar shi ɗungum zan yafa, na zare zare daga jikin ragowar yadin na ɗinke yagar da shi, kwana uku ina yi.

Gwaggo takan leƙo ta ce, "Za ki tsiyaye idonki a kan rigar kafirai. Wa ya taɓa ganin mace da kwala kamar ɗan doka?"

Amma in ta ɗauka ba na kallo sai ta shafa tattarar da bayan hannu.

Ran kwana talatin da ɗaya, rana tsaka, lokacin da bai taɓa dawowa ba, sai ga babanku. Bai yi sallama ba. Ya tsaya bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya.

"Rabi, zanen da matar Mai Kanti ta kawo, yana ina?"

Na ce, "Wane? Na barka?"

"Ba barka ba ne. Gyara ta kawo maki. Sallarsu ta fitilu saura kwana shida, shi za ta ɗaura. Na uwarta ne, da shi aka yi wa uwar aure, kuma uwar ta rasu bara ita tana nan ƙasar."

Na miƙe. Na ɗaga murfin akwati na fito da rigar. Ya dube ta, ya dubi kan Gwaggo, kallabin na ɗaure a kanta. Sai ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, babban mutum, ya cire hula.

Gwaggo ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta ce, "To mi? A ce ɓera ya ci. Gara ta ci. Wa ya aike ta ta ajiye kaya a ƙafar jariri? A garinsu ba a haihuwa ne?"

Babanku ya ce, "Gwaggo, ɓera ba ya cin kamu goma sha biyu ya bar kallabi."

"To ka ce an sace. In ya kore ka sai mi? Gonar ubanka ta ƙone ne? Dama Yayanka cewa yake zaman baranda ba sana'a ba ce. Ku tattara mu koma gida, arba'in ta yi a ɗakinta."

Da ta ambaci ɗakin nan na Yargoje sai na ji nonona ya tsaya. Na san bayan ɗakin, na san abin da ke kwance a can ƙarƙashin tulu biyu da aka kifa. Na dubi Ajuji. Babanku ya ce shi zai je ya ce shi ya yanka bisa kuskure, a yi mashi abin da za a yi. Na ce wa zai yarda tela bai san gyara da barka ba? Kuma wanda aka ba amanar keke in ya yi ƙarya sau ɗaya ai ya gama. Na ce ni zan je.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "Da ɗanyen jiki? Kwana tara ya rage maki! Ki ratsa kasuwa da jaririyar da ba ta yi arba'in ba, ke da kika san halin da kike ciki? In kika taka ƙofar gidan nan, ki nemi mai dafa maki ruwa."

Wallahi tsoron da ta faɗa shi ne nawa. Ban taɓa fitar da yarinyar ko tsakar gida ba, kullum kuma da wuƙa a ƙarƙashin matashinta. Amma na auna tsoro biyu, na kasuwa yini ɗaya ne, na Yargoje kuwa na san ƙarshensa. Na goya ta, na lulluɓe mu da babban mayafi, na karanta duk abin da na iya, na bi bayan babanku. Ranar kasuwa ce ma. Ban ga fuskar kowa ba, ƙafafu kawai nake gani.

Gidansu na bayan kanti, yana ƙamshin wani turare da ban sani ba. Shila ta fito da murna tana miƙa hannu ta karɓi goyo. Na durƙusa na ajiye ƙunshin a gabanta. Ta kwance. Ta ɗaga rigar ta kafaɗu, ta yi ta kallo kamar ba ta gane ko mene ne ba, sai da idonta ya sauka kan bakin zinarin da ke hannun riga. Ba ta yi ihu ba. Wani ɗan sauti ta yi kamar wadda ta taka ƙaya, ta zauna a kan dandamali ta cusa fuskarta cikin rigar. Mai Kanti ya iya Hausa sosai, ta Kano. Babanku ya yi mashi bayanin barka, ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Tela, je ka rufe keke. Kawo mabuɗin akwatin zare."

Shila ta ɗago ta yi magana da yarensu, gajeriya. Ya juyo gare ni.

"Ta ce wannan bai kai ba. Ina saura? Tana son kowane ƙyalle, ko ya kai farce."

Nan ne wahalar take, 'ya'yana. Yanka zane kuskure ne, kowa zai ce ƙaddara. Amma a ba mutum kyauta a dawo a ce kawo, wannan a wurinmu ba a yi, ko yaro aka yi wa sai ya yi maka waƙa a dandali. Na koma gida na durƙusa gaban Gwaggo. Ba ta bari na buɗe baki ba, ta warware kallabin ta jefo mani a cinya, ta zauna da kai a buɗe, furfura a waje, tsohuwa sa'ar uwata. Da la'asar ta ɗaure kayanta. Babanku ya bi ta har bakin kasuwa yana ba ta haƙuri, ta ce ita ba ta zama inda ake tuɓe mata kai saboda baƙi.

Washegari na je gidan Baba Kande. Na same ta tana kaɗi a inuwar rumbu. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, na rasa ta inda zan fara.

Ta ce, "Mai jego da yawo? Faɗi abin da ya fito da ke, na ji labari tun jiya."

Na ce, "Baba, ƙyallen nan ne."

"Wane ƙyalle? Wanda na yi wa guɗa? Na riga na nuna wa jikata, na ce da shi za a rufe mata kai ranar da za a kai ta. In ce mata mi yanzu? In ce wadda na yanke wa cibi ta zo ta karɓe?"

Na ce, "Baba, ki yi mani rai. In ban kai ba Yargoje za mu koma."

"Mu da aka haifa a ƙauye mutuwa muka yi?"

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da shi a ninke, yana ƙamshin kanumfari, ta ajiye a ƙasa ba a hannuna ba.

"Ɗauki. In kin sake haihuwa ki aika wa Ba'indiyar ta zo ta yanke cibi."

Kuma ta cika maganarta. Ku biyar na haifa bayan nan a Yankara, ba ta taka ɗakina ba ko sau ɗaya.

Na share ɗaki na tsince har zaren da ya zube a bakin tabarma, na haɗa a cikin kallabina. Ruwan wanka ranar ni na dafa da kaina, na kasa ɗaga tukunyar, na yi ta kwasa da ƙwarya ina kuka. Kwana na uku na koma wurin Shila. Wannan karon ba maza, Mai Kanti na cikin kanti, babanku na gida ya rasa abin yi sai gyaran danga. Ta shimfiɗa farin zane a ƙasa, ta jera guntayen ɗaya bayan ɗaya, na Gwaggo, na Baba Kande, ƙananan, rigar a tsakiya, tana neman yadda suke a da. Ba su haɗu ba, yaya za su haɗu? Daga ƙarshe ta ɗauko gefen nan mai tsuntsaye. Ta ga ban taɓa shi ba. Ta bi bakinsa da yatsa tana neman yagar. Ta kai ƙarshe ta dawo. Ta fita da shi rana ta ɗaga sama. Ta dawo ta miƙo mani, ta ɗaga gira. Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta kanne ido ta duba, ta juya bayan, ta daɗe a haka. Sannan ta ɗauki rigar ta juya cikinta waje, ta bi kowane ɗinki, ta ja hannun da ƙarfi ta ga ko zai buɗe, ta ɓalle maɓalli ta mayar. Sai ta turo mani ita a ƙirji, ta nuna ni.

Na girgiza kai. Ta sake turowa, fuskarta ba wasa. Na kwance goyo, ta karɓi Ajuji ta kwantar a gadonta, na shiga bayan labule na sa rigar. Da na fito ta zagaya ni sau biyu. Ta ɗauko gefen mai ado, ni da na yi niyyar lulluɓa shi a ka kamar mayafi, sai ta tattara shi da yatsu huɗu, ninki a kan ninki, ta soke gefe ɗaya a ƙuguna, ta ratsa da shi ƙirji ta jefa bayan kafaɗar hagu, tsuntsayen suka zubo a bayana. Ta ja ni gaban dogon madubi, irin wanda ban taɓa tsayawa gabansa ba. Wuya na Sista, tsawo namu, kafaɗa tasu. Wannan ita ce 'yar Yankara, ranar aka haife ta, kuma kun ga hannun da ya ƙarasa ta ba nawa ba ne. Muna tsaye a madubin hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba.

Ta ƙwala wa mijinta kira. Suka yi ta magana, shi yana ɗaga murya, ita ba ta ɗaga ba, amma ita ta yi ta ƙarshe. Ya juyo yana huci.

"Ki gaya wa Tela ya zo gobe ya buɗe keke. Ta ce ba don shi ba. Ta ce ki cire rigar ki rage mata ƙugu, kwana huɗu ya rage. In kin yi arba'in kuma kullum ki zo nan da allurarki."

A hanyar gida ban lulluɓe fuska ba, na manta.

Ta sa rigar ranar sallarsu, ta sa ta kuma da suka je Kano, daga can ta dawo da yadin matan 'yan uwansu uku da awonsu a igiya. Shekara uku ina zuwa gidan nan. Ta koya mani ninkin kafaɗa da yadda ake fitar da 'yar ƙaramar rigarsu ta ciki, ni na koya mata Hausa da dambun zogale. Na fara yi wa matan gari da atamfa da yadin kanti mai sauƙi, ina ƙara faɗin gyalen yadda zai rufe kai in an fita. Masu cewa rigar kafirai su suka fara aiko da 'ya'yansu. Gwaggo ma kafin ta rasu mun shirya, ko da yake duk zuwan da zan yi Yargoje sai ta dafe kallabinta da hannu biyu ta ce a ɓoye kaya ga Rabi nan.

Daminar da ta biyo bayan yankan zanen, Ajuji na wata tara, zazzaɓin nan ya zo, irin shi sak, da hantsi. Na san shi tun daga yadda idonta ya juya. Na fito da gudu ba mayafi. Shila ce ta tsaya tsakiyar hanya ta ɗaga hannu biyu ta tsayar da wata babbar mota mai ɗauke da buhuna, kafin azahar muna Funtuwa an yi mata allura. Kwananmu biyar muka dawo da ita a baya tana jan kunnena. Yau ga ta nan da jikokinta, tana yi maku faɗa a kan gishiri.

Da za su koma ƙasarsu na je sallama. An ɗaure akwatuna, mota na jira. Na durƙusa yadda muke yi in za a rabu, na ce duk abin da na yi maki, Shila, ki yafe mani. Na ɗauka za ta ce ba komai, mu yafi juna, yadda kowa ke cewa. Lokacin Hausa ta zauna a bakinta sarai.

Ta ce, "Na uwata ne, Rabi. Shi kaɗai na taho da shi. Ban yafe ba tukuna."

Ta kama hannuwana ta tashe ni tsaye.

"Miƙo mani ɗiyata in sallame ta."

Na miƙa mata Ajuji, ta rungume ta har direba ya yi ta danna oda. Ban sake jin labarinta ba, ban san garinsu ba balle in sa a rubuta mata. Ta bar mu muka ci gaba da zama a Yankara, bakin hanyar Funtuwa, lokacin da take da ikon sa a kore mu, alhali ranta na ciwo, kuma ba ta yi mani ƙaryar cewa ya daina ba. Duk wanda ya sake tambayarku wa ya ƙago rigar nan, ku ba shi labarin duka, har da almakashin. Ni dai har yau ina jiran wannan tukuna ɗin.